Dogon Hutu da 'Ya'yanmu: Abin da Dokar Giya ta Ƙasashen Waje ke Cewa, da Abin da Ya Rage a Wuyanmu

Da zarar watan Yuni ya kama, hirar bakin masallaci a New Bell da Cité des Palmiers takan juya zuwa batun hutu. Yara sun ajiye alƙalamin BEPC da Probatoire da Baccalauréat, makarantu sun rufe sai Satumba, iyaye kuma sun shiga lissafi. Mafi yawanmu arewa muke tura yara, su bi jirgin ƙasa daga Yaounde zuwa Ngaundere, daga nan su wuce Garwa ko Marwa wajen kakanni. Wasu Kano ce mahaifa, can za su. Amma a 'yan shekarun nan an samu ƙarin gidajen da Allah Ya hore wa, musamman 'yan kasuwar da suka saba zirga-zirgar Dubai da Istanbul, waɗanda kan ɗauki iyali gaba ɗaya su tafi. Akwai kuma masu ɗan uwa a Faransa ko Beljiyam ko Jamus, da kan tura saurayi ko budurwa su yi wata guda a wajen kawu ko gwaggo.

Idan ana wannan shiri, akan yi maganar biza da kuɗin jirgi da masauki da tsaraba. Akan tambayi inda za a samu naman halal da masallacin Juma'a mafi kusa. Tambayar da ba kasafai muke yi ba ita ce: a ƙasar da za mu kai yaron nan ɗan shekara 16, me doka ta ce idan ya miƙa kuɗi ya ce a ba shi giya? Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa Turawa masu tsananin doka ne, don haka ba za a sayar wa yaro ba. Wannan zato gaskiya ne a wani wuri, kuskure ne a wani wurin, kuma kuskuren na iya yi wa gida tsada.

Kowace ƙasa da nata awon

A Faransa, inda yawancin ɗalibanmu ke hari, tun 2009 doka ta hana sayar wa ko bai wa wanda bai kai shekara 18 ba kowace irin barasa a mashaya ko kanti. Kafin wannan shekarar ɗan shekara 16 na iya sayen giya da ruwan inabi mai sa maye. Mai kantin da ya karya dokar na fuskantar tarar yuro 7,500, wato kusan sefa miliyan biyar.

Da mutum zai hau jirgin ƙasa daga Paris, cikin sa'a ɗaya da rabi ya sauka Brussels, to lissafi ya canza. A Beljiyam ɗan shekara 16 na sayen giya da ruwan inabi da kansa, sai dai masu ƙarfi irin su wiski ne aka ajiye wa ɗan 18. Haka abin yake a Jamus, har ma da ƙari: dokar kare matasa ta ƙasar ta yarda ɗan shekara 14 ya sha giya ko ruwan inabi a gidan abinci matuƙar mahaifinsa ko mahaifiyarsa na zaune tare da shi. Su kansu Jamusawan suna ta muhawara kan soke wannan sassaucin, domin likitocinsu da wasu ministocin lafiyarsu na ganin ba shi da wani amfani sai illa. 'Yan Kamaru na cikin ɗaliban Afirka mafi yawa a jami'o'in Jamus, saboda haka wannan doka ta shafi gidaje da yawa a Douala.

A Ingila shekara 18 ce ƙa'idar saye, amma ɗan 16 ko 17 na iya shan giya ko ruwan inabi tare da abinci a gidan cin abinci idan wani baligi ne ya saya masa kuma yana tare da shi. Ba a ce sai uba ba. Ɗan kawunsa mai shekara 18 ya wadatar. A cikin gida kuwa, dokar Ingila ta hana ba da barasa ne kawai ga yaron da bai kai shekara 5 ba.

Amurka ce ta fi tsanani a ƙasashen Yamma: shekara 21. Wata dokar tarayya ta 1984 ce ta tilasta wa jihohi hakan, inda aka yi barazanar rage musu kuɗin gina hanyoyi idan suka ƙi. A can matsalar takan zo ta wata fuska. Saurayi baƙo mai shekara 19 da abokai suka ba shi katin shaidar wani ya shiga mashaya ya aikata laifi biyu, kuma duk abin da ya shiga kundin 'yan sanda na iya tasowa ranar da ya koma neman bizar karatu.

Ƙasar Musulmi ba ta nufin babu giya

A nan ne muka fi sakin jiki. Uba kan ce, ai Turkiyya za mu, ƙasar masallatai, ina ruwanmu da wannan zance. Alhali a Turkiyya giya halal ce a doka ga duk wanda ya kai 18. Dokar 2013 ta hana tallarta, ta kuma hana kantuna sayarwa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, amma mashaya da otal-otal suna aikinsu. Manyan otal na bakin teku a Antalya da makamantanta sukan karɓi kuɗi dunƙule, ci da sha duka a ciki, sai a ɗaura wa baƙo wani zare a hannu. Da wannan zaren yake karɓar duk abin da ya ga dama ba tare da ya sake biyan ko sisi ba. Akan bambanta launin zaren yara da na manya, amma yaron da ya cika 18 na manya za a ɗaura masa, ƙaninsa kuma ba ya rasa wanda zai miƙo masa kofi.

A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ƙa'ida shekara 21 ce. A ƙarshen 2020 aka sassauta dokokin ƙasar, shan giya ba tare da lasisi ba ya daina zama laifi ga wanda ya kai shekarun, kuma a Dubai kusan kowane babban otal yana da mashaya. Sharjah, wadda ke manne da Dubai, ita kuma ta hana gaba ɗaya. Tuƙi da ko ɗigon barasa a jini laifi ne babba a ƙasar. Wato giyar na kusa da hannu, hukuncin kuma na da zafi ga yaron da ya taɓa ta.

Saudiyya ta haramta barasa tun 1952. A watan Janairun 2024 aka buɗe kanti guda a unguwar jakadu ta Riyadh domin jami'an diflomasiyya waɗanda ba Musulmi ba, amma wannan bai shafi mai Umara ko ɗan yawon buɗe ido ba. Wanda aka kama da ita na fuskantar ɗauri da tara da kora daga ƙasa. Masu zuwa Kano kuma sun san cewa tun 2000 jihar ke ƙarƙashin Shari'a, Hisbah na farfasa kwalaben giya a bainar jama'a lokaci zuwa lokaci, amma duk wanda ya san Sabon Gari ya san ba a rasa ta ba.

Abin lura a duk wannan jerin shi ne, babu ƙasar da ta rubuta dokarta tana tunanin tarbiyyar gidan Musulmi. Kowace ta auna ne da al'adarta da kasuwarta da abin da likitocinta suka iya shawo kan 'yan majalisa a kai. Shi ya sa lambar ke yawo daga 14 zuwa 21.

Gida bai ƙoshi ba

Kada mu yi kamar a waje kawai matsalar take. Muna zaune ne a birnin da kamfanin giya mafi girma a ƙasar ya kafu tun 1948, birnin da sunan Rue de la Joie ta Deido ya zaga Kamaru. Yaronmu na wuce mashaya nawa tsakanin gida da makaranta? Dokar hukunta laifuka ta Kamaru, a sashe na 348, ta yi magana a kai: ta hana mai mashaya karɓar yaron da bai kai 16 ba idan babu babba mai kula da shi, ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta kuma hukunta duk wanda ya bugar da wanda bai kai 21 ba. Tarar kuwa daga sefa 5,000 ce zuwa 50,000. A gwada wannan da kusan miliyan biyar ta Faransa. Sannan wa ya taɓa ganin an tambayi yaro katin shaida a mashayar unguwa?

Ga kuma wiskin leda, wanda ake samu da sefa 50 ko 100, kuɗin da bai kai na hawa babur ba. Gwamnati ta hana yin sa da sayar da shi tun 2014, aka ba kamfanoni wa'adi su ƙarar da kayansu, wa'adin kuma aka yi ta ɗagawa, har yau yana rataye a teburan masu kayan tireda. A Najeriya ma hukumar NAFDAC ta sanar da irin wannan hanin a 2024, aka yi ta ja-in-ja da masu masana'antu. Yaran da muke turawa arewa su ma ba tsira suka yi ba, domin bil-bil, wato burkutun dawa, na nan a unguwannin Marwa da Garwa.

To idan haka ne, me ya bambanta tafiya waje? Abin da ke tsare yaro a New Bell ba sashe na 348 ba ne. Idon unguwa ne. Mai shayi ya san ubansa, ladan ya san kakansa, maƙwabciya za ta kai labari gida kafin shi ya isa. Kunyar nan ita ce katangar da muka dogara da ita ba tare da mun sani ba. Ranar da ya sauka a filin jirgin Brussels, katangar ta rage a Douala. Babu wanda ya san shi, sa'o'insa na sha a fili, doka kuma ta ce ya isa. A nan ne za a gane ko abin da muka dasa masa tsoron Allah ne ko tsoron mutane.

Shekarun da doka ke buɗe ƙofa

Akwai wani bambanci da ya kamata ɗalibanmu su riƙe da kyau. A dokar Turawa, cikar shekaru izini ne: abin da aka hana ka jiya, yau an sake maka. A Musulunci cikar shekaru ɗaukar nauyi ne. Giya haramun ce ga ɗan 15 da ɗan 70, bambancin kawai shi ne daga ranar da yaro ya balaga alƙalami ya fara rubutu a kansa. Malaman fiƙihu sun ce ana gane balaga da alamominta na jiki, idan kuma ba su bayyana ba sai a koma ga shekaru: 15 a wajen Shafi'iyya da Hanbaliyya, 18 a mashhurin zancen Malikiyya. Mafi yawan yara kan balaga kafin nan. Ke nan shekarun da Jamus da Beljiyam ke miƙa wa yaro kofi su ne daidai shekarun da ya zama mukallafi, mai amsa tambaya da kansa.

Haramcin ya sauka ne daki-daki, daga aya ta 219 ta Suratul Baƙara, zuwa ta 43 ta Suratun Nisa'i, har zuwa ta 90 da 91 na Suratul Ma'ida inda aka rufe ƙofar gaba ɗaya, kuma umarnin da ya zo na nisanta ne, wanda ya fi hana sha faɗi. Sunnah ta bayyana cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma laifin ya haɗa da mai saye da mai sayarwa da mai ɗauka da mai zubawa. Wannan ya shafi ɗalibin da ya samu aikin hutu a gidan abinci a Turai, aka ce ya riƙa kai kwalabe tebur. Ya kamata ya san hukuncin tun kafin ya sa hannu a takardar aiki.

Wani zai ce, ai gara yaro ya ɗanɗana a gaban babba ya san ba komai ba ce, da ya je ya sha a ɓoye. Wannan ra'ayi ya yaɗu a Turai, kuma wasu 'yan uwanmu da suka daɗe a can sun fara ɗaukarsa. Ko an ajiye hukuncin addini gefe, bincike bai goyi bayansa ba. A Ostireliya an bi diddigin matasa kusan 1,900 tsawon shekara shida, aka wallafa sakamakon a 2018 a mujallar Lancet Public Health: yaran da iyayensu ke ba su giya ba su samu wata kariya ba, sun ma fi zuwa neman ta a wasu wuraren daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 2.6 ne suka mutu sanadiyyar barasa a 2019, a Janairun 2023 kuma ta fito ta ce babu wani adadi na barasa da za a ce ba ya cutarwa. Tun 1988 aka sa ta cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25.

Wadda ba ta zo da sunanta ba

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Yaro mai kyakkyawar niyya ma na iya faɗawa saboda rashin sani. A Faransa ana iya rubuta *sans alcool* a kwalbar giyar da ke da barasa har kusan kashi 1.2 cikin ɗari, a Jamus kuma *alkoholfrei* na iya kaiwa kashi 0.5. Wanda ya saba da Malta a gida sai ya ɗauka duk abu ɗaya ne. *Cidre* ba ruwan tuffa ba ne, giyar tuffa ce. *Panaché* da *Radler* giya ce aka gauraya da lemo. Akwai cakulan masu barasa a ciki, akwai kek irin *baba au rhum*, akwai miyar da ake dafawa da ruwan inabi kamar *coq au vin*. Akwai kuma kwalabe masu launi da zaƙi waɗanda ba su da maraba da lemon kwalba a ido, da gangan aka yi su don matasa.

Tun a jirgi ake fara gwajin, domin yawancin jiragen da ke tashi daga Douala zuwa Turai suna raba barasa tare da abinci. A ɗakin otal kuma akwai ƙaramin firij cike da ƙananan kwalabe. Idan aka kama wa yara ɗakinsu daban, to an bar su da shi har safe. Duk otal zai kwashe su idan aka nema, magana ce ta minti biyu a wajen karɓar baƙi.

Idan abin ya riga ya faru

Wannan ɓangaren ne iyaye maza suka fi buƙatar ji. A ce uba ya tarar da ɗansa ya dawo masauki yana warin giya a Jamus ko Faransa. Abin da zuciya za ta fara raya masa mun san shi. To ya sani cewa Jamus ta haramta dukan yaro tun 2000, Faransa kuma tun Yulin 2019. Maƙwabci ko ma'aikacin otal da ya ji ihu zai kira 'yan sanda, hukumar kula da yara ta shigo. A idon dokar Jamus, ɗan shekara 16 da ya sha giya bai yi laifi ba, uban da ya mare shi ne ya yi. Mutum na iya fita hutu da iyalinsa ya ƙare a gaban hukuma yana bayani da harshen da bai iya ba.

Ban da doka ma, duka a wannan gaɓa ba ya gyara. Yaron da ya yi kuskure sau ɗaya ya tarar da ƙofar gida a rufe, wajen waɗanda suka ba shi zai koma. Idan kuma ya sha har ya fita hayyacinsa, yana amai ko ba ya farkawa, asibiti za a nufa nan take, kada kunya ta sa a kulle shi a ɗaki a ce zai warware. Lambar gaggawa a duk ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce. Rai ake fara ceta, nasiha da tuba su biyo baya, kuma ƙofar tuba a buɗe take ga wanda ya fi shi laifi.

Abin da ya rage a wuyanmu

Ba muna cewa a daina tafiya ba ne. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma yaron da zai je karatu Lyon ko Berlin baɗi, gara ya fara ganin duniyar tare da iyayensa. Abin da muke cewa shi ne a sa wannan batu cikin shiri kamar yadda ake sa biza.

A zauna da yaro tun a gida a yi masa maganar da sunanta. Mu Hausawa muna jin nauyin ambaton giya a gaban 'ya'yanmu, kamar faɗin sunan zai jawo ta. Amma yaron ya riga ya gan ta a allon talla da wayarsa. A gaya masa dokar ƙasar da za shi, a gaya masa cewa za a miƙo masa, a kuma koya masa amsar da zai bayar a taƙaice ba tare da jin ƙasƙanci ba. Cewa “ba na sha” ya isa, kuma a Turai ta yau matasa da yawa waɗanda ba Musulmi ba su ma haka suke cewa.

Idan wajen ɗan uwa za a tura shi, a tambayi ɗan uwan kai tsaye: akwai giya a gidan? 'Ya'yanka na sha? Da wa yaron zai riƙa fita, ƙarfe nawa zai dawo? Tambayar na da nauyi tsakanin wa da ƙani, amma amana ce za a miƙa, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan amsar ba ta kwanta a rai ba, a haƙura da tafiyar bana. A wajen zaɓen masauki kuma, a Turkiyya da Dubai da Sharjah akwai otal-otal da ba sa sayar da barasa kwata-kwata, sai a neme su tun wajen kama ɗaki.

Limamanmu da malaman Islamiyya su ma da nasu rabon. Huɗubar haramcin giya mun sha ji, amma saurayin da zai hau jirgi a watan Yuli na buƙatar wanda zai zauna da shi ya amsa masa tambayoyi irin na zamaninsa: hukuncin zama a teburin da ake sha, hukuncin aikin gidan abinci, yadda zai yi da walimar abokan karatu. Zama ɗaya bayan La'asar a makon farko na hutu, a gayyato ɗaliban da suka dawo daga waje su ba da labarin abin da suka gani, zai yi amfani mai yawa.

Akwai karin maganar da ke cewa in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Tana da gaskiya a wajen gaisuwa da bin layi da kiyaye dokar hanya, kuma wajibi ne baƙo ya mutunta dokar ƙasar da ta ba shi masauki. Amma babu ƙasar da dokarta ta tilasta wa kowa shan giya. Iyakarta ta ce an yarda, wanda ya ƙi kuma bai karya komai ba. Aya ta 6 ta Suratut Tahrim ta ɗora wa muminai tsare kansu da iyalansu, kuma wannan nauyin yana kan uba da uwa a Cité des Palmiers, yana kansu a Antalya da Brussels.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya tsare mana zuriya a gida da waje. Amin.